Yankewar La'asar a Gidan Alhaji Maina

Shekaran jiya wani matashi ya tsaya a ƙofar shagona, hannu a aljihu, yana kallona ina ɗaura faifai a cikin rumbu. Ya jima yana kallo, sannan ya ce, "Baba Ado, wannan ai ba aiki ba ne. Ka jona waya, ka danna, shi ke nan." Na ce masa gaskiyarsa, haka shi ma kiwo ba aiki ba ne, bin bayan saniya ne kawai. Ya yi dariya ya wuce, bai ma san na ji haushi ba. Ku yaran yanzu kun iya latsa waya, wannan ba mai ƙwace muku. Amma sai ranar da abu ya ƙi, mai gida ya tsaya a kanku yana huci yana tambaya, sannan za a san wanda ya koyi sana'a da wanda ya kalle ta a bidiyo.

Ga wanda bai san rumbu ba, wani baƙin akwati ne, bai fi ƙaramar kula girma ba. Masu ƙera shi NAS suke ce masa, mu a nan rumbu muke cewa, don aikinsa ke nan. A cikinsa akwai faifan ajiya biyu ko huɗu. A zuba masa fina-finai da karatun malamai da bidiyon biki da na suna, a ja masa waya zuwa rawuta, na'urar da ke watsa sabis a cikin gida, sai kowace talabijin da kowace wayar hannu a gidan ta riƙa ɗiba daga cikinsa. Ba sai an sayi data ba, ba kuma ruwanka da ko sabis ya ɗauke. In faifai ɗaya ya mutu, ɗan'uwansa na riƙe da kwafi. A baki abin da sauƙi. Sai dai tsakanin rumbun da idon mai kallo akwai wuta, akwai waya, akwai zafi, akwai ɓera, akwai kuma mutanen gida, kowannensu yana iya yanke maka fim a tsakiya.

Ni ban fara da wannan ba. A hannun Malam Buba mai rediyo na tashi, wani mutumin Fika, lokacin da kaset ke tashe. Shekarata ta farko bai bar ni na taɓa ƙarfen narka dalma ba. Aikina bin waya. In aka kira mu masallaci aka ce lasifika ta yi shiru, sai ya sami inuwa ya zauna ya ce, "Ado, kama ta daga tushe, ka bi ta da hannu har inda ta ƙare. Da hannu na ce, ban ce da ido ba." In na dawo na ce lafiya lau, sai ya ce in nuna masa tafin hannuna. In bai ga datti ba, komawa zan yi. A lokacin mugunta na ɗauki abin, Allah Ya jiƙansa. Daga kaset muka koma faifan sidi, daga nan na buɗe shagon turi, ina zuba wa direbobin tirela da 'yan kasuwar shanu fim a waya. Da masu hali suka fara sa sola a gidajensu, suna son kallo ba tare da 'ya'yansu sun shiga intanet sun gano abin da bai kamata ba, sai na koyi haɗa rumbu.

Jakar aikina ba ta da wani abin burgewa. Akwai mita, akwai fulayar matse kan waya, akwai 'yar na'urar gwaji mai fitila takwas wadda ke gaya maka ko wani sili ya karye a cikin waya, da sukudireba biyu, da burushin fenti da nake share fanka da shi. Sauran aikin kunne ne da hanci. Faifan da ke shirin mutuwa yana da wani ƙas-ƙas da yake yi, kamar kaza na tsattsagar tsakuwa a kwano, wanda ya taɓa ji ba ya mantawa.

Akwai wata malamar asibiti a unguwar Yindiski da ta kira ni ta ce rumbunta yana kashe kansa da rana tsaka. Na je na tarar ta lulluɓe shi da wani ƙyalle mai ado, irin wanda ake rufe talabijin da shi, ta kuma ɗora masa fulawar roba. Ga shi ana tsakiyar bazara. Na ce, "Hajiya, ke in aka rufe ki da bargo yanzu, za ki yi aiki?" Wani kuma, ma'aikacin ƙaramar hukuma, ya rantse na sace masa faifai, wai ya sayi biyu amma wurin ajiyar guda kawai yake gani. Sai da na zana masa a ƙasa kafin ya yarda ɗayan gadin ɗan'uwansa yake yi. Irin waɗannan duk abin dariya ne. Aikin da ba na dariya in na tuna shi guda ɗaya ne, na gidan Alhaji Maina a Bolewa.

Oga Ben ne ya samo mini aikin. Mutumin kudu ne, Kirista, shagonsa na kayan wuta da sola yana kallon nawa. Ya zo Potiskum yana saurayi, a nan ya yi aure ya haifi 'ya'yansa. Shekarun da hankali ya tashi, 'yan'uwansa suka yi ta kwashe kaya suna barin gari, shi ya ce ba inda za shi. Hausarsa ba ta san mace ba ta san namiji ba, kowa "shi" ne a bakinsa, amma in ya ce maka batir zai yi shekara kaza, to zai yi. Wata safiya ya tsallako titi ya ce, "Malam Ado, akwai wani Alhaji na sa masa sola. Yana so irin abin nan naka. Na gaya masa ba wanda ya iya shi a garin nan sai kai. Kar ka ba ni kunya fa."

Alhaji Maina fataucin shanu yake yi, gidansa babba, kuma gida ne na ba shiga. Abin da ya fi damunsa tsofaffin kaset na karatun mahaifinsa, wanda malami ne a Fika kafin ya rasu, da bidiyon wasu majalisunsa na ƙarshe. Na kwashe su duka na zuba a rumbu, na ƙara masa fina-finan yara da ya zaɓa da kansa. Muka yi sa'a mutanen gidan duk sun tafi biki Fika na mako guda, don haka na shiga ko'ina na ja waya yadda nake so. Rumbun na ajiye shi a sito kusa da gareji, inda Oga Ben ya jera batura, don nan ya fi sanyi kuma yana da ƙofa ta waje. Falon baƙi yana can gaba, nesa. Sai na raba tafiyar biyu. A tsakiyar gida akwai wani ɗaki da ba kowa a ciki sai buhunan hatsi, yana da soket ɗaya. Nan na kafa suwic, ɗan akwatin da ke rarraba waya, ɗaya ta tafi falon Alhaji, ɗaya ta tafi talabijin ɗin mata. Na gwada, komai ya yi tas. Alhaji ya ji muryar mahaifinsa ta cika falo, ya ce Allah Ya yi mana albarka ni da Ben.

Wata uku ba a neme ni ba. Ana shiga zafi sai ga kira. Alhaji yana da al'ada, in ya dawo daga kasuwa ya yi la'asar, sai ya zauna a falo da abokan fataucinsa a kunna karatun Malam, mahaifin nasa. To ana cikin kallo sai hoton ya daskare, wata 'yar da'ira ta kama juyawa a tsakiyar allo. Bayan kamar rabin awa sai ya dawo da kansa, kamar ba a yi ba. Sau da yawa kafin in hau babur in iso ya riga ya warke. Ba abin da ya fi wannan cin rai a sana'armu, ciwon da ke gudu in ya ga likita.

Na yi duk abin da aka saba. Na canja kan waya a sito, na canja na falo. Na sauke rawuta na sa wata. Na share fankar rumbu, na gwada faifan biyu ɗaya bayan ɗaya, lafiyarsu ƙalau. Na ba Alhaji saƙo a duba mini ɗan akwatin nan na ɗakin tsakiya, ya aika ciki, can aka dawo da amsa wai yana nan yana ƙiftawa. Na tambaye shi ko akwai mai taɓa wani abu a ciki. Ya kalle ni ya ce, "Gidana ba a taɓa abin da ban ce a taɓa ba." Daga nan na ja bakina. Abu ɗaya ya rage, in kama wayar nan daga sito in bi ta da hannu har falo. Amma hanyarta ta cikin gida ce, yanzu kuma mata sun dawo. Na ji nauyin in ce wa mutum kamar Alhaji Maina ya buɗe mini cikin gidansa. Na ce a raina, ɗakin buhuna ne, me zai faru a ɗakin buhuna?

Rumbu yana da littafinsa, yana rubuta duk abin da ya same shi da lokacin da ya faru. Wata rana na kira Oga Ben muka zauna a siton nan, gumi na zuba, muna karantawa a kwamfutata. Littafin bai taɓa cewa rumbu ya mutu ba. Abin da yake cewa, waya ta rabu da shi bayan la'asar, ta dawo kafin magariba. Na ce wa Ben wataƙila in rana ta yi sanyi wutar inbata, injin da ke ba gida wuta daga batir, ke raguwa, har ta kasa riƙe ɗan suwic ɗin. Bai yi musu ba, ya sa mitarsa, muka zauna har lokacin ya yi. Hoton ya daskare a falo, allurar mitarsa ko motsi. Sai ya karɓi kwamfutar ya bi kwanakin da yatsa, ya ce, "Malam Ado, duba nan. Litinin babu. Alhamis babu. Wannan sati haka, wancan sati haka. Rana ya san Litinin da Alhamis ne? Ba sola ba ne. Wani abu yana ciki." Na ga abin da ya nuna mini sarai. Na ce masa dace ne kawai, na rufe kwamfutar.

Ranar da abin ya fashe Asabar ce. Wasu dattawa, tsofaffin ɗaliban mahaifin Alhaji, sun taso daga Fika musamman don su ga majalisin Malam na ƙarshe. An yi musu yanka, an shimfiɗa darduma. Malam yana tsakiyar fassara wata aya, hannunsa a sama, sai hoton ya tsaya cak. Alhaji ya aiko mota ta ɗauko mu ni da Ben. Muka tarar da falo cike, da'irar nan tana ta juyawa a kan fuskar mamaci.

Alhaji bai amsa gaisuwarmu da kyau ba. Ya ce, "Malam Ado, Ben, ku biyu kuka yi aikin gidan nan. Wata biyu ana cewa a bari a duba. Yau a gaban iyayena nake so in ji, laifin wa?"

Amsar gaskiya tana bakina: ban sani ba tukuna, amma akwai wurin da ban duba ba, yana cikin gida. Kalma nawa ce? Sai dai ga dattawa sun zuba mini ido, ga fataken da nake sa ran su ma za su kira ni gidajensu, ga shi an riga an ce ba wanda ya iya wannan aikin a gari sai ni. Na ji cewa "ban sani ba" ta fi dutse nauyi. Sai na ce, "Alhaji, rumbu dai lafiyarsa lau, na gwada shi ciki da bai. In rana ta yi sanyi ne abin ke faruwa. Sai dai a tambayi mai sola."

Ben ya juyo ya kalle ni. Ya ce, "Malam Ado, kai ka ce wannan?" Na sunkuyar da kai ina gyara zip ɗin jakata. Ya juya wurin Alhaji ya ce, "Alhaji, ka duba fanka yana juyawa. Firji yana aiki. Tibi ɗin ma bai mutu ba. Wane irin wuta ne zai zaɓi abu ɗaya ya bar sauran?"

Alhaji ya ce, "Ni ban san wannan lissafin ba. Mai abu ya faɗi inda ciwon yake."

Ben bai ambaci Litinin da Alhamis ba. Na daɗe ina tunanin dalili. Ina jin jira yake in faɗa da kaina.

Magana zarar bunu ce. Cikin mako guda Alhaji ya ɗauko wasu daga Kano suka kwance inbata da batura, aka lodo su a a-kori-kura aka jibge a ƙofar shagon Ben da rana tsaka, duk layin yana kallo. Alhaji ba mai ɓoye fushi ba ne. A kara wurin cinikin shanu, a majalisa, a wurin ɗaurin aure, duk inda maganar sola ta taso sai ya ce kayan mutumin nan jabu ne, ya sa shi jin kunya a gaban almajiran mahaifinsa. Fatake kuwa kamar garkensu suke, inda na gaba ya nufa nan ake bi. Waɗanda suka yi magana da Ben zai sa musu sola suka janye ɗaya bayan ɗaya. Waɗanda ya riga ya sa wa suka fara jin ƙarar da babu ita a inbatocinsu.

Kwana uku da sa sabuwar sola aka ga watan azumi. Wata guda cur, karatun Malam bai yanke ko sau ɗaya ba. Alhaji ya kira ni ya ce, "Ka gani? Ai kai ka san aikinka." Ya haɗa ni da abokansa huɗu, na kafa rumbu huɗu kafin Sallah, ban taɓa samun aiki haka ba. Har na fara gaya wa kaina ashe gaskiya na faɗa, ashe dai solar ce. Ben ya daina tsallako titi, sai ɗaga hannu daga nesa. Amma duk shekara yakan aiko mini da ƙanƙara daga firizarsa don shan ruwa, a wannan shekarar ma bai fasa ba ko kwana ɗaya. Ina karɓa ina sha, wallahi ba ta wuce mini da daɗi.

Bayan Sallah da kamar mako guda, wata Talata, wayata ta yi ƙara bayan la'asar. Alhaji ne. Ya ce, "Malam Ado, abin nan ya dawo." Yanzu ba Ben, ba solar Ben, ba wanda zan jingina wa. Na hau babur na je, da'ira na juyawa. Na ce, "Alhaji, ka yi mini izini in bi wayar nan ta cikin gida, yanzu, kafin ya dawo." Ya leƙa ya yi magana, aka ce a shigo. Ko minti biyar ba a ɗauka ba. Abin da na yi wata uku ina jin nauyin tambaya ke nan.

Na kama wayar daga bangon sito na bi ta da hannu, ta kan ƙofar kicin, ta ƙarƙashin rumfa, har ɗakin tsakiya. Babu buhuna. Labule ne a ƙofar, da takalman tsohuwa. Alhaji ya yi sallama muka shiga. Ashe bayan bikin Fika da wata uku ciwon ƙafa ya matsa wa mahaifiyarsa, ya ɗauko ta ya gyara mata wannan ɗakin. Ba wanda ya gaya mini, don me za a gaya wa mai gyaran talabijin inda Hajja ke kwana? Tana zaune a kan darduma da carbi. A soket ɗin nan guda ɗaya butar lantarki ce ke tafasa. Filogin suwic ɗina kuwa yana ajiye a kan wani ɗan faranti, an naɗe wayarsa tsaf.

Na durƙusa na gaishe ta. Ta ce, "Marhaba da ɗana. Kai ne mai abin nan mai ƙifta ido? Ai ina kula maka da shi. In zan dafa shayina sai in cire shi ya ɗan huta, in na gama in mayar masa. Ban taɓa mantawa ba."

Na ce, "Kullum, Hajja?"

Ta ce, "Kullum bayan la'asar, sai in ina azumi. Litinin da Alhamis ba na sha. Jiya ma na gama shidan Shawwal, yau na ce bari in jiƙa maƙoshi. Ko na yi ɓarna ne?"

Na ce ba ta yi ɓarnar komai ba, kuma gaskiya na faɗa. A lokacin 'yan mata suna Islamiyya, matar gida tana kicin, ba mai kallon talabijin ɗin ciki balle a lura. Surukar kuwa ba za ta shiga ɗakin uwar miji tana bincike ba, in an aiko ta leƙa ta ga fitila na ci ta dawo. Ni na kafa abu a soket ɗaya tilo na ɗaki, ni na ƙi bin wayata. Na fita na sayo soket mai baki biyu na sa. Gyaran bai kai minti goma ba, har yau kuma rumbun nan bai sake yankewa ba.

Da muka fito zaure Alhaji ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ce ana zaton wuta a maƙera sai ga ta a masaƙa. Na bari ya gama, na ce, "Alhaji, to Oga Ben fa?" Dariyar ta tsaya. Ya shafa gemu, ya ce, "Ƙaddara ce ta hau shi. Amma ka ji ni da kyau, Malam Ado. Kada in ji sunan mahaifiyata a bakin 'yan kasuwa ana dariya wai butar shayinta. Maganar nan ta mutu a zauren nan."

Na ce to. Kuma kada ku ɗora wa Alhaji duka, don hanin nan nasa inuwa ya zame mini. Ba sai na ambaci Hajja ba. Ina iya zuwa majalisar fatake in ce, jama'a, solar Ben ba ta da laifi, ni na yi kuskure wajen jan waya. Wannan ba zai taɓa mutuncin kowa ba sai nawa. To nawan ne na kasa taɓawa. Kullum in na buɗe shago in hango shi zaune a ƙofar nasa, ba mai shiga, sai in ce gobe zan tsallaka. Goben nan ta kai wata biyu. Hajja ta rasu shekaru uku da suka wuce, Allah Ya gafarta mata, shi ya sa yanzu nake iya ba da labarin da bakina. Sai dai yanzu ba ya amfanar wanda ya kamata ya amfana, kuma wannan yana ci mini rai har gobe.

Wata safiya na zo na tarar da babbar mota a ƙofar shagonsa, ana loda kanta da kwalaye. Matarsa da yara sun riga sun yi gaba. Na tsallaka titin. Yana tsaye yana ɗaure wasu faranta na sola da igiya. Na yi masa sallama, ya amsa kamar kullum, har da tambayar iyali. Na gaya masa komai, ɗakin tsakiya, soket, buta, azumi. Yana ji yana ɗaurinsa, bai katse ni ba. Da na zo kan Litinin da Alhamis ya ɗan yi murmushi ya girgiza kai.

Ya ce, "Ni na san ba sola na ba ne. Tun ranar na sani. Abu ɗaya ne ban sani ba, shi nake so ka gaya mini. Ranar nan a falo, da ka ce a tambayi mai sola, kai ma ka san ba shi ba ne?"

Ina iya cewa ban tabbata ba. Da ya karɓa, don shi mai karɓar uzuri ne. Na ce, "Na sani, Ben."

Ya ce, "To." Ya ja igiyar ya ƙulle. Can ya ce, "Ka gaya wa Alhaji gaskiya?"

Na ce na gaya masa.

"Ka gaya a kasuwa?"

Na kau da kai ina kallon masu lodi, shi ma bai sake tambaya ba. Direba ya danna ham. Saura batir ɗaya a ƙasa, cikin waɗanda aka kwance daga gidan Alhaji, irin manyan nan da mutum ɗaya ba ya iya ɗagawa. Ben ya duba hagu da dama, masu lodin sun hau mota. Ya ce, "Malam Ado, kama mini nan." Na kama gefe ɗaya ya kama ɗaya, muka ɗora. Ya ce na gode, ya shiga gaba ya rufe ƙofa.